Waƙoƙin Mijin Madam Uchechi

Ari mai shirya finafinai ne a Fagge. Yana cikin waɗanda suka kai ƙorafi har hukuma ta toshe wani shafin intanet da ke raba finafinansu ba izini.

Ranar Litinin ya je Sabon Gari wajen Madam Uchechi, telar da ke ɗinka wa 'yan wasansa kaya, ya tarar tana ta danna waya.

Ta ce, "Malam Ari, duba mini shafin nan, ya ƙi buɗewa. Duk waƙoƙin cocin da marigayi mijina ya rera, a can ya ajiye su."

Yana dubawa ya ga shafin da suka sa aka toshe ne. Ya ce ƙila matsalar sabis ce, ya fita. Ya kai shataletalen Bata ya juyo, ya wuce ƙofar shagonta sau biyu bai shiga ba.

Da la'asar ya koma ya gaya mata gaskiya. Ta ɗauko takarda ta rubuta masa sunayen abokan waƙar mijin.

Sati guda ya yi yana bin su gida-gida, yana roƙon su duba wayoyinsu. Cikin waƙoƙi talatin, tara ya samo mata.