Tsoron Maƙwabci

Takarda ta ɗari da arba'in ke nan, amsar kuwa ba ta sauya ba. Tersoo ya danna biro a kan gwiwarsa har ya huda takardar.

"Malam Sabo, sake tambayar sa. Ka ce masa ba za mu rubuta sunansa ba."

Sabo, mai taya shi aikin, ya rusuna gaban dillalin shanun da ke zaune a inuwar rumfa cikin kasuwar Shinkafi. "Baba, malami na tambaya, wagga Shari'a da za a fara ƙarshen wata, akwai abin da ke ba ka tsoro?"

Dattijon ya dubi mutanen da suka kewaye su, ya gyara zaman hularsa. "Tsoro? Ni Allah kaɗai nika tsoro."

Shekarar Tersoo tara yana koyarwa a Ƙaura Namoda tun zuwansa daga Binuwai, kuma binciken nan na digirinsa na biyu ne a kan yadda zukatan mutane ke karɓar sauyi. Amma tun ranar Litinin maganar ta wuce ta digiri. Matarsa Uchechi ta ɗaure kaya, akwai motar da za ta tashi zuwa kudu ranar Asabar da safe.

"Ba kai ne mai auna zukatan mutane ba?" in ji ta. "Je ka auno. In ka kawo abin da zan yarda da shi, in kwance kaya. In ba haka ba, ni da 'yata Ngozi mun tafi."

To da me zai koma mata? Da takardu ɗari da arba'in masu cewa kowa lafiya lau?

Ranar Juma'a Sabo, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya sake goya shi a babur zuwa Zurmi. Mutum goma sha ɗaya suka tambaya kafin azahar, duka bakinsu ɗaya. Suka raɓe a rumfar wata tsohuwa mai fura da ake kira Inno. Ta jima tana kallon su, tana dama fura tana murmushi.

"Ɗana, kai ne mai yawon tambayar maza tsoronsu a tsakiyar kasuwa?"

"Ni ne, Inno."

"Amma bokon ga bai yi maka rana ba. Wane namiji zai ce yana jin tsoro, surukinsa na tsaye, yaran shagonsa na saurare? Ko wuta ke cin rigarsa, alhamdulillahi zai ce maka." Ta miƙa masa ludayi. "Tambaye shi abin da maƙwabcinsa ke tsoro. Ka ga in bakinsa zai rufu."

Tersoo bai ƙarasa furar ba. Ya soke tambaya ta bakwai, wadda ke kan tsoro, ya rubuta sabuwa da hannu, ya tare wani manomi mai suna Mamuda da ke ɗaure buhun gero.

Mamuda ya saki igiyar. "Ai maƙwabcina ba shi barci! Ɗansa ya taɓa kama akuyar mutane, yanzu kullum hannun yaron yake kallo."

Na biyu ya ce maƙwabcinsa na tsoron a hana mata hawa acaba, ga matarsa da tsohon ciki, asibiti da nisa. Na uku ya ce nasa maƙwabcin na tsoron baƙi su watse, malamar jinya ta tafi, bakanike ya tafi. Wani kuma ya rage murya, ya ce maƙwabcinsa ya ji ana cewa baƙin nan tafiya suke don su shiryo faɗa, shi ya sa yake kwana da adda a ƙarƙashin tabarma. Yana faɗa gumi na tsattsafo masa a goshi. Tersoo na rubutu har yatsunsa suka ƙage.

A hanyar komawa Ƙaura ya daki kafaɗar Sabo. "Tsaya. Saura kai."

Sabo ya kashe babur a gefen wata gonar dawa da aka girbe. "Ni kuma, Malam?"

"Me maƙwabcinka ke tsoro?"

Sabo ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. "Ka san ba ni da wani maƙwabci sai kai." Ya murza makullin babur. "Maƙwabcina na tsoron wata rana a yi ihu a unguwa, ya leƙo, ya gan ni cikin masu ihun. Shi ya sa sati biyu ke nan bai bar Ngozi ta shigo cin tuwo wurin matata Saude ba. Saude har kuka ta yi."

Tersoo ya ninke takardunsa. Ya mayar da biro aljihu.

Da la'asar ya zube wa Uchechi takardun a kan akwatin da ta ɗaure. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye.

"Ka gani? Ba mu suke nufi da sharri ba. Sun ma fi mu tsoro."

"Na gani," in ji ta. Ta zaro ta mai adda ta ɗaga masa. "Wannan ma tsoro yake ji. Shi ne zai fara sara, kuma ba zai tambayi sunan 'yata ba."

Da safe direba na ta danna oda. An loda akwatuna, an ɗora Ngozi a gaba. Yaran mota suka ciccibo keken ɗinkin Uchechi, sai ta ce su sauke. Ta kama gefe ɗaya, ta sa Tersoo ya kama ɗayan, suka shiga da shi gidan Sabo.

Saude ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya.

"Maman Ngozi, da gaske tafiyar ce?"

"Ki riƙa sa masa mai duk Juma'a," in ji Uchechi, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Kada in dawo in tarar ya yi tsatsa."