Goron Gwaggo Kande

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, shi ma a lungun ɗaki. Wannan ne dai ya tsaya mini a wuya. In kun ga Ramlatu ta yi kama da ni, don Allah kada ku faɗa a gida.

Ramlatu ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidansu da ke Birni, ƙafafunta sun yi futu-futu, jakar goro ta koma fayau. Tun hantsi take yawon gayyatar bikin yayarta Hafsatu. Katin da aka buga da Faransanci 'yan biro, wato ma'aikatan ofis, kaɗai yake gamsarwa. Tsofaffi kuwa sai an je da ƙafa, an durƙusa, an miƙa ƙullin goro da alawa. A Zango wata ta ce don me aka fara kai wa maƙwabciyarta. A Garin Malam wani ya jujjuya goron ya ce shi fari yake ci. Wata kuma ta riƙe ta da labarin waɗanda ba su zo mata ta'aziyya ba, har mai kabu-kabu ya leƙo yana tambaya ko nan za ta kwana.

Ruwa kawai take so ta sha ta miƙe ƙafa. Sai ta tarar da tsakar gida tsit. Turmin da za a daka lalle yana kife. Lami, matar wansu, da Bintu, matar ƙanin babansu, sun yi jugum-jugum a gindin bango. Daga ɗaki ana jin shesshekar amarya.

"Lafiya?"

Lami ta nuna mata da leɓe.

Gwaggo Kande, yayar babansu, tana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, tana jan carbi. Ita ta raini Hafsatu tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce kuma za ta sa ta a lalle. Hafsatu ta riga ta rantse, in ba hannun Gwaggo ba, babu mai taɓa ta, sai dai a ɗaga bikin.

"Gwaggo, ba a daka lallen ba?"

"Lallen wa?"

"Na Yaya Hafsatu mana."

"Au, aure za ta yi? Allah sarki. Ban ji ba."

Ramlatu ta saki jaka ƙasa. "Gwaggo, ke fa kika ƙulla goron nan! Da hannunki! Har kina faɗa wai na cika alawa!"

"Aiki aka sa ni, na yi. Wa ya gayyace ni? Kin je Zango, kin je Garin Malam, har garin Dogo an ba direba saƙo. Ni ce bango, a wuce ni."

"To ai gida ɗaya muke!"

"Shi ya sa ban ci kuɗin kabu-kabu ba."

Ramlatu ta lalubi gindin jaka, ta ciro ƙulli ɗaya da ya rage, ya yamutse don zafin rana. Ta miƙa.

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. "Ragowar mutanen Zango? Kuma a tsaye, kamar ana ba akuya dusa?"

Hafsatu ta leƙo, idanu jajur. "Ramlatu, don girman Allah ki yi wani abu."

Ramlatu ta koma zaure ta kira babansu a salula. Yana shagonsa a kasuwa. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Ni da nake ƙaninta ban taɓa cin ta a magana ba, balle ke. Yi mata yadda take so. Ga mai saye ya zo." Ya kashe.

Bintu ta biyo ta tana raɗa. "Je ki wurin Suma'ila mai goro ki sayo sabo. Ki shigo da sallama kamar an aiko ki daga nesa. Kuma ki saki fuskar nan, kamar wadda aka mara."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Suma'ila ya zaɓar mata manya, masu danshi, ya naɗe a ganye, yana ta dariya, don labari ya riga ta isa bakin titi. Ta dawo ta tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta, ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Shiru. Yara suka fara taruwa. Sai da ta ɗaga murya sannan ta ji an ce, "Wa alaikumus salam. Wace ce? Shigo."

Ta tuɓe takalmi ta durƙusa a gefen tabarma.

"Maraba, maraba! Ya hanya? Kun zo lafiya? Ya mutanen gidan naku? Lami, ba baƙuwa ruwa."

Ramlatu ta shanye ruwan tas, don dama shi take nema. Ta ce, tana cizon haƙori, "Malam Tahiru ne ya aiko ni. Ya ce a gaishe ki, a sanar da ke za a aurar da 'yarsa Hafsatu. Ana roƙon ki zo ki sa albarka."

"Madalla. Ɗan gidan wa ne yaron?"

"Gwaggo!"

"Tambaya na yi."

"Rashid. Ɗan Alhaji Mai Nasara."

"Ya yi karatu? Yana da sana'a?"

Ramlatu ta ji kamar ta kurma ihu. Gwaggon da ta yi wa Rashid tambayoyi har ya yi gumi ranar da ya fara zuwa zance! Ta buɗe baki za ta faɗi abin da za ta yi nadamarsa, sai ta ga tsohuwar ta karɓi ƙullin da hannu biyu, ta ɗora a cinya tana shafa ganyen.

"Tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan," in ji ta, ƙasa-ƙasa, "ba wanda ya taɓa yin sallama domina."

Ramlatu ta rufe bakinta.

Gwaggo ta ɗaure goron a gefen zane, ta miƙe, ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun maƙwabta. "Ina turmi? Kun zauna kamar gidan makoki! Hafsatu, fito nan, 'yar banza, kin kumbura ido ango ya ce an canza masa!"

Hafsatu ta fito da gudu ta faɗa jikinta, tana kuka tana dariya. Ramlatu ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da bango.

A nan ne ta ji muryar Lami daga can gefe.

"Ikon Allah. Ashe haka ake yi. To mu da muka wuni muna zuba alawa fa?"

"Ke dai bari," in ji Bintu. "Ni ma in ba a bakin maƙwabta ba, ban ji ba."

Ramlatu ta waiga. Lami ta ajiye taɓarya. Bintu ta shiga ɗaki, ta fito da tabarma tana karkaɗewa a ƙofarta. Ba su ga inda take ba tukuna, Gwaggo da guɗarta sun tare tsakar gida.

Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi gindin bango a hankali, ta ratsa zaure, ta fice.