Wata Bakwai a Zaure

Shekara biyu da auren Juwairiyya da Badaru, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a Wurno, don haka na san yadda abin yake cin ta. Duk sunan da za a yi a unguwa ita ce kan gaba wajen daka, ita ce mai goyon jariran mutane, in ta koma gida ta shige ɗaki ta yi kukanta. Shi kuwa Badaru manomin albasa ne, mai sanyi kamar ruwan randa. Ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri.

Ana nan sai ga Goggo Rahinatu daga Dinawa, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi tun yana yaye. Ta sauko daga babur da ƙulli uku, ɗaya na tufafi, biyu na magani.

"Na taho in ga mi ka hana ɗiyar ga haihuwa," in ji ta. "Ba ni komawa sai na ga ciki."

Gidan ɗaki ɗaya ne da zaure. Goggo ta shimfiɗa tabarmarta a gaban gadon Juwairiyya, wai akwai jiƙon da ake sha kafin assalatu, kuma ba ta yarda da yaran zamani ba, zubarwa suke yi. Badaru ya dawo daga fadama, ya leƙa, ya ga goggonsa ta baje, ya ɗauki bargonsa ya koma zaure. Ina shi ina kwana da matarsa a gaban wadda ta goya shi? Ya ce ai kwana biyu ne.

Kwana biyun nan sai da ya kai wata bakwai.

Ba abin da yarinyar nan ba ta sha ba. Akwai sassaƙe daga kasuwar Goronyo, mai ɗacin da ke sa mutum istigfari. Akwai rubutu daga Rabah. Akwai kindirmo da garin wata saiwa da wata Bafulatana ta rantse har akuyarta ta haifi uku da ita. Hayaƙi kuwa ni ma na sha rabona ta katanga, ni da nake da 'ya'ya shida ina roƙon Allah hutu. Juwairiyya ta yi ƙiba ta yi fes, ciki dai shiru. Badaru kuma sauro ya mai da shi tuwonsa. Da rana ma ba dama, don Goggo ba ta zuwa unguwa. In ya shigo shan ruwa tana bakin ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale.

Ran nan na ja Juwairiyya gefe na ce, "Ke, ki hwaɗa mata mana!"

"In ce mata mi, Yaya Bilki? Da wane baki?"

"To shi maigidan naki?"

"Ya ce gara sauro ya cinye shi."

Haushi ya kama ni, na ce to mu je asibiti ko a can a sami mai baki. Goggo ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Malama Nafisa, ungozomar asibitin, ta auna Juwairiyya, ta yi mata tambayoyi, ta ce ba ta ga wata matsala ba tukuna. Ta ba ta ƙwayoyin da mai neman ciki ke fara sha, ta nuna mata a kalanda kwanakin da ciki ya fi shiga bayan wankan tsarki.

"Cikin kwanakin ga kada maigida ya yi nisa. Yana tahiye-tahiye?"

Kafin Juwairiyya ta buɗe baki Goggo ta karɓe, tana gyara zama don alfahari. "Ina za shi? Kullum shina zaure. Ni ka kwana da ita ɗaki. Wata bakwai ban bari ta kuskure jiƙo ko guda ba."

Malama Nafisa ta ajiye biro a hankali.

"Inna, ke ka kwana ɗakin?"

"Ni ɗin."

"Shi kuma zaure?"

"Yaro mai kunya. Ni na rene shi."

"To Inna, in anka zuba ma gona taki, anka ba ta ruwa wata bakwai, anka hana manomi shiga da iri, mi za a girba?"

Juwairiyya ta ja mayafi har haɓa. Ni kuwa tari na ƙirƙira, don dariya ta kusa kashe ni.

Muna isowa gida Goggo ta shige ɗaki. Ta naɗe tabarma, ta ɗaure tufafinta, sannan faɗa ya ɓalle. "Mutum biyu, baki biyu, wata bakwai! An ce ku yi kunya, ba a ce ku zama kurame ba!" Badaru na tsaye yana sosa cizon sauro, kansa a ƙasa.

Sai a bakin zaure ta kama hannun Juwairiyya, muryarta ta sauka. "Ɗiyata, shekara ashirin na yi gidan miji ina jiran abin ga, ba wanda yat tsaya mani, kuma ban samu ba. Na ce ke ba ki jira ke ɗai. Ashe tsayawar ta yi yawa." Wallahi tausayinta ya kama ni, dariyar ta maƙale.

Bayan wata goma sha ɗaya da komawar Goggo Dinawa, Juwairiyya ta haifi mace, aka sa mata Rahinatu. Ranar suna Goggo ta bi mata ɗaya-ɗaya tana gaya musu aikin sassaƙen Goronyo ne, ba wanda ya musa mata. Dangin Juwairiyya suka ce haihuwar fari ce, ta taho gida wanka. Juwairiyya ta ce a yi mata haƙuri, tana da mai yi mata wankan jego, kuma Goggo ta riga ta san wurin tabarmarta.

Badaru ya tafi kasuwa ya sayo gidan sauro.

"Kwana arba'in," in ji Goggo, "ko guda ba ni ƙarawa." Aka miƙa mata takwararta. Ta rungume ta, hawaye na zuba a kan zanen goyo, har ruwan wankan ya huce ba ta yarda ta ba kowa ita ba.