Shagon Bakin Ƙofar Tudu

A iyakar Sabon Gari da Fagge, bayan layin masu sayar da taya, akwai wani ɗan tudu da ya gangara har bakin lambatu. Kada ka ji an ce tudu ka ɗauka wani abin a-zo-a-gani ne. Tsohon juji ne da jar ƙasa, amma Obiageli ta mai da shi wurin da ido yake hutawa. Ita ta dasa dalbejiya da mangwaro da gwaiba, ita take hawa da bokiti safe da yamma, ita take korar awaki da faɗa cikin harshe uku. A Kano aka haife ta, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tilo, Uchenna. Kowa Mama Uche yake ce mata.

Tudun ba shi da maigadi, bai ma bukaci maigadi ba. Duk wanda ya ɗaga gatari, kafin ya sauke shi Ganiyu mai faci ya gan shi, matan da suke shanya sun gan shi, 'yan acaɓa masu shan inuwa sun yi masa caa.

Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, sai gari ya cika da kwamiti, har da na kare bishiyoyi. Sabon kansila, Alhaji Tanimu, ya zo da motoci ya ce gwamnatin farar hula za ta zagaye tudun da katanga. Mama Uche har rawa ta taka. Ita ta riƙa kai wa magina ruwan sha. Aka gama, aka sa ƙofar ƙarfe, aka ba ta mukulli ana tafi.

To, wanda bai san Kano ba shi ne zai gina katanga a bakin hanya ya koma gida ya yi barci. Shago bango huɗu yake bukata, ga gwamnati ta ba da ɗaya kyauta. Mai shayi ne ya fara jingina teburinsa. Mai gyaran rediyo ya kafa langa-langa. Kafin damina ta wuce, kwano ya hau, bulo ya biyo baya, kuma duk wanda ka taɓa sai ka ji ya yi wa wani wahala a lokacin zaɓe.

Mama Uche ta yi zarya zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma har silifa ɗinta ya tsinke. Masu kula da bishiya suka ce dokarsu cikin katanga ta tsaya, waje na ofishin hanya ne. Ofishin hanya suka ce rumfa ai ta hukumar kasuwa ce. A can aka ce oga ya tafi taro, ta dawo jibi. Jibin nan ta ji shi har ya gundure ta.

Abin da ya fi ci mata rai, katangar ta rufe idon jama'a. Masu shago suka fara huda bango ta baya, wannan ya fitar da sito, wancan ya yi makewayi. Ganiyu yana zaune a kan bencinsa, amma bulo kawai yake gani. Ita kuwa sai ta buɗe ƙofa da safe ta tarar da kututture, da baƙin mai an malala a gindin gwaiba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ba wanda ya ce shi ne. Mangwaro da 'yan dalbejiya na saman tudun ne suka rage, ta riƙe su da bokitinta.

Wata Lahadi ta dawo daga coci, sai ga sabon kes, ɗan ƙaramin shago, a bakin ƙofar ƙarfen, fenti bai ko bushe ba. Ta taho da masifarta a baki. Wanda ya juyo daga jera batir da kaset, Uchenna ne, wanda ya gama makaranta ya yi shekara da shekaru yana zaman kashe wando.

"Mama, kansila ne ya ba ni," in ji shi. "Nan kaɗai ya rage."

"Ni kuma ta ina zan shiga?"

"Zan riƙa janye miki kantar shagon."

Ya janye, na ɗan lokaci. Kasuwa ta buɗe masa, kaya suka ƙaru, firiji ya zo ya zauna daram a jikin ƙofar. Yaron da da sai rana ta take yake tashi, yanzu shi yake riga kowa fita, har yana waƙa a wurin wanka. Ta ji daɗin wannan, ba za ta ɓoye ba. Amma rani ya shigo, kuma daga titi tana hango kan mangwaronta yana yin ja.

Ta shirya ta sami Alhaji Tanimu a gidansa a Kwaciri. Shi ma duk ya rame, zaurensa cike da masu neman alfarma. Ya saurare ta har ta gama.

"Mama, gaskiyarki," ya ce. "Wallahi ni ma na gaji da maganar wurin nan. Gobe sai in sa a kawo katafila. Sai dai daga shagon ɗanki na bakin ƙofa za a fara, don shi ya tare hanya. Sauran kuwa, kin san masu su, ban yi miki alkawari ba. Ki ce a rushe, a rushe."

Ba barazana yake yi ba, jiran amsarta yake da gaske. Gwiwoyinta suna ciwo, zuciyarta ta fi su.

"A bar shi, ranka ya daɗe."

"Bishiyoyin fa, Mama? Ba za su kai damina ba."

"Na sani," ta ce. "A bar shi."

Ta dafa bango ta miƙe. Da ta fito, sai ta zaga ta Titin Ibrahim Taiwo, hanya mai nisa a cikin rana, don kada ta bi ta gindin katangar.