Manjagarar Ungozoma

Keken marasa lafiyan ya maƙale a bakin ƙofa, don tsohuwar da ke kai ta gitta manjagararta a kan cinya ta ƙi saki.

"Inna, ki ba ni abin nan mu wuce," in ji tela.

"Ki karkata keken dai, 'yar nan. Tare muka fito da ita, tare za mu koma."

Ungozoma ke nan. Rabin mutanen layin ita ta yanke musu cibiya, sauran rabin kuma ta yanke wa 'ya'yansu, shi ya sa ba ta taɓa koyon lallashin kowa ba. Ciwo ya cinye ta har ta koma kamar kara a cikin zani, amma bai taɓa bakin ba. Tela maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma tun da ciwon ya kwantar da tsohuwar, ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke shan faɗa.

Ranar kuwa Asabar ce ta farkon bazara, ranar sharar layi. Ungozoma ce ta ƙirƙiro ta tun gidajen ba su fi a ƙirga da yatsu ba, don a kwashe kwata kafin ruwan farko ya sauka. Dokarta biyu. Ta farko, gida duka ake fitowa, miji da mata da 'ya'ya, ba a aiko ɗan aike. Ta biyu, ba wanda ke share ƙofar kansa. Kowa ƙofar maƙwabcinsa na gaba yake sharewa: ita ta share ta tela, tela ta share ta mai kanti, mai kanti ya share ta malamin makaranta, haka har ƙarshen layi, na ƙarshe ya zagayo ya share tata. Takan ce mutum yana iya kwana da ƙazantar kansa ya yi barci har da minshari, amma kunyar maƙwabci ba ta barin mutum ya runtsa.

Sai dai bara abin ya watse. Tsohuwa ta kwanta, tela kuma ta ɓata da matar mai kanti a kan wata riga da ta matse. Matar ta ce an ci mata yadi, tela ta ce ba yadi ne ya ragu ba, mai rigar ce ta ƙaru. Maganar ta zagaye layin kafin la'asar. Tela ta rantse ba za ta ƙara sunkuyawa a ƙofar kantin nan ba, su kuma mutanen kanti suka ce tunda ba a share musu ba, ba su ga dalilin share wa wani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin shekara ta zagayo, ledoji sun toshe kwata, robobin ruwa da gwangwanaye sun yi tudu a tsakiyar hanya, har mota ta daina shigowa.

Ungozoma ta buga ƙotar manjagara a jikin get ɗinta, yadda ta saba kiran mutane. Layi ya yi tsit. An ɗaga labule nan da can an sake. Malamin makaranta ya turo babur ɗinsa a kashe, sai da ya sha kwana ya tayar. Mai kanti ne kawai ya leƙo ta tagar shago, ya gaishe ta da jiki, ya ce ai wannan aikin hukuma ne, ba na talaka ba.

"Ranar da ka zo duniya da ƙafa, hukuma ce ta juya ka?" ta tambaye shi.

Ya mai da kansa ciki.

Ta zauna har rana ta hau mata gwiwa. Tela na tsaye a bayanta, takaici da kunya sun cika ta, don ta san a ƙofar wa igiyar ta fara tsinkewa, amma zuciyarta ba ta yarda ita ce za ta fara sunkuyawa ba. Can tsohuwar ta ce a mai da ita. Da suka kai bakin ƙofa ta waiwaya ta dubi hanyar.

"Ki ji da kyau. Ranar da za a fitar da ni, ba za a tsallaka shara da ni ba."

Tela ta so ta mai da abin wasa, ta ce ai Inna sai ta ga aurar da jikokin tela. Tsohuwar ba ta yi dariya ba.

Washegari ɗanta ya iso daga garin da yake aiki, da takalmi mai sheƙi wanda ya sha kwata kafin ya kai ƙofa. Ya ce zai tafi da ita wurinsa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Ya ce to zai ɗauko lebura da babbar mota su kwashe layin a yini ɗaya, ta ce kada ya kuskura. Wanda aka biya zai share yau, gobe wa zai hana masu gida zubarwa? Ya fita tsakar gida yana girgiza kai, ya ce wa tela uwarsa har yanzu ba ta canza ba. Tela ta ce to da me za ta canza, ba ta da wani halin a ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi, tela na taje mata gashi, ta ji kan ya yi nauyi a tafin hannunta. Ta kira ta, ta sake kira. Sannan ta ƙarasa tajewar, ta ɗaura mata ɗankwali, kafin ta bar kanta ta yi kuka. Ta yi kukan wadda ta rasa uwa, don uwa ce ta rasa.

Kafin rana ta karkata an gama shirya ta. Motar ɗaukar gawa ta tsaya can bakin titi, direban ya aiko cewa ba zai iya shigowa ba. Ɗan ya ce ba komai, a ɗauka a kafaɗa a lallaɓa ta gefen kwata. Maza suka miƙe. Sai suka tarar da tela a bakin ƙofa, ta ci ɗamara da gyale, manjagarar tsohuwar a hannu.

"Yaya, mutane na jira," ɗan ya ce a hankali. "Wanda ya rasu ina ruwansa da leda?"

"Ita da ruwanta. Ta faɗa, kuma da kunnena na ji. Duk mai son tsallaka shara da ita, sai ya fara tsallake ni."

Ya ce wannan ba lokacin rigima ba ne. Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ta kira mijinta da 'ya'yanta mata, ta ce su ɗauko baro da buhuna, ta wuce kai tsaye ƙofar kanti ta sunkuya. Haƙoran manjagarar suka kama ledoji, wari ya tashi, mutanen da suka zo gaisuwa suka ja da baya suna toshe hanci. Ba ta ɗago ba. In ma ita kaɗai za ta kwashe layin har dare, ta ƙudura ba za ta ɗago ba.

Ƙofar kantin ta buɗe. Matar mai kanti ta tsaya a kanta, idanu jajur, hannu a ƙugu.

"Kin bar ƙarƙashin benci," ta ce.

"Ban kai nan ba tukuna."

Matar ta juya ta ƙwala wa mijinta kira, ta ce ya rufe shagon nan ya ɗauko shebur, yara su biyo ta da tsintsiya. Suka nufi ƙofar malamin makaranta. Malamin ya ga ana share masa ƙofa shi yana tsaye da hula a hannu, ya naɗe ƙafar wando ya kira iyalinsa. Daga nan abin ya bi layi da kansa, gida na tura gida. Baro na fita cike yana dawowa wayam. Ruwan da ya shekara tsaye a kwata ya motsa, ya fara gangarawa. Direban motar ma ya kashe inji ya zauna jira. Mutanen gidan ƙarshe suka zagayo suka share ƙofar mamaciya tas.

Tela ta dawo hannu baƙi ƙirin, bayanta kamar zai tsinke, sai ta ja ta tsaya. Ƙofa ɗaya ta rage, tata. Ledoji na nan yadda suke, kuma ita ce ta farko da za a bi da makarar. Wannan rabon Ungozoma ne. Babbar 'yar tela ta matsa da tsintsiya, uwar ta riƙe mata hannu. Ba a share ƙofar kai.

Ɗan ya dubi wurin, ya dubi tela. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya miƙa hannu.

"Ba ni ita."

Tela ta ba shi manjagarar. Bai iya ba, da farko ma a juye ya riƙe ta, amma ba wanda ya gyara masa, ba wanda ya karɓe shi. Ya ja, ya tara, ya kwashe da hannunsa ya zuba a buhu.

Sannan aka fito da Ungozoma. Aka bi da ita ta tsakiyar layin, a hankali, ba wanda ya kauce wa komai.

Tela ba ta bi su ba. Ta jingine manjagarar a jikin get ɗin, ta zauna a dokin ƙofarta. Ƙasa ta yi layi-layi inda haƙoran ƙarfen suka bi, karkatattu a ƙofarta, sawun masu ɗauka kuma a kai, har bakin titi.