Hular Depite Ilyasu

Ciyawa ta kai wa geron wuya. Maijidda ta tsaya a bakin gonar babanta Chindo, hawaye na neman zubo mata. Tsohon yana kwance ba ƙafa, yayyenta sun tafi cirani, in aka ƙara mako guda babu abin da za a girba bana.

Gayya ce maganin wannan. To amma ƙartin ƙauyen nan na gefen Gidan Sori duk a unguwar Malam Garzali suke, kuma shekara sittin da ɗoriya ba su taka gonar gidan Chindo ba. Gabar siyasa ce, wai! Jikokin da ba su san ko sunan jam'iyyun ba, su ma sun gaje ta.

"Baba, me muka yi musu ne?" ta tambaya da ta koma gida.

Chindo ya ce ta jawo tsohuwar adaka. Wata jar hula ce a ciki, asu ya ɓula ta.

"Kakanki Ilyasu shi ke jagorantar 'yan jam'iyyarsu a majalisar ƙasa. Da yawansu Faransancin da ake yi a majalisar ba ya zama musu sosai, sai suka yi dabara: in ya cire hula ya ajiye, kowa ya ɗaga hannu, an yarda. Ran da aka kawo zancen korar ɗan majalisa Depite Idi, uban Garzali, sun shirya ba za su yarda ba. Zafi ya dami kakanki, ya cire hular ya share gumi, sai duk suka ɗaga hannu, aka kori Idi."

"Innalillahi! Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yata. Kunya ta hana shi faɗa har ya rasu. Ni ma girman kai ya hana ni."

* * *

Da hantsi ta sami Malam Garzali a ƙofar gida, 'ya'yansa da jikokinsa kewaye da shi. Ta durƙusa, ta ajiye jar hular, ta zayyana komai.

"Gumi?" in ji tsohon. "Mahaifina ya mutu da baƙin cikin ɗan garinsu ya ci amanarsa, ashe gumi ne?"

"Ku yafe mana, Baba. Gonarmu za ta mutu. Gayya na zo roƙo."

Garzali ya juya tsohuwar hular, ya zura yatsa a hujin asu, ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Maijidda ta fid da rai, har ta yunƙura za ta tashi.

Sai tsohon ya kai hannu kansa, ya cire tasa hular, ya ajiye ta a tabarma kusa da ta Ilyasu.

"Ni dai ba zafi nake ji ba," ya ce.

Babban ɗansa ya miƙe, ya shiga zaure ɗauko hauya.