Tseren Zayyanu a Kaura

Misbahu ne ɗan gudun gidansu, kowa a Dauran ya san haka. Shekara uku yana cinye tseren makaranta, kuma duk abin da ya samu bai wuce sabulu da bokitin roba ba. Sai ga wata ƙungiya ta kawo wasannin masu jinkirin fahimta. Ta ɗauki ƙanensa Zayyanu, mai shekara ashirin da har yau bai iya ɗaure igiyar takalmi ba, ta ba shi riga mai lamba da takalmi sabo fil. Aka ce ukun farko a tseren Kaura Namoda za su tafi gasar Gusau. Mahaifiyarsu Uwani ba ta da zance sai wannan, Misbahu kuwa kishi ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ƙa'idar tseren ita ce kowane ɗan wasa ya yi gudu tare da ɗan'uwansa, don kada taro ya ruɗa shi. Mai horarwa, Malam Saminu, ya roƙi Misbahu, ya amsa a daƙile. Akwai abin da malamin bai sani ba. Tun suna yara, a hanyar gona da ta masallaci, Misbahu ya koya wa Zayyanu da ranƙwashi cewa ƙane ba ya shiga gaban wansa sai an ce masa "wuce". Zayyanu kan manta abubuwa da yawa, amma wannan ya zauna daram.

Aka hura usur. A zagayen farko Misbahu ya ji kansa kamar da, su ne kan gaba. A na biyu, shekarun da ya kwashe kan babur yana kabu-kabu a Kasuwar Daji suka nuna kansu, ƙirjinsa ya ɗauki zafi. Zayyanu na biye da shi ko haki babu, har rage sauri yake kada ya taka masa dunduniya. Wani ɗan Shinkafi ya wuce su, wani ma ya bi bayansa.

"Zayyanu, tai gaba! Mi kaka jira?" in ji Malam Saminu daga bakin fili.

Zayyanu bai ko waiga ba, ba muryar da yake jira ba ke nan. Kalmar na kan harshen Misbahu. Ya hango Uwani tana kiran sunan Zayyanu, kiran da shi ba a taɓa yi masa ba, sai ya haɗiye kalmar. Mutum na uku ya wuce su dab da layi.

Misbahu ya durƙushe yana haki. Zayyanu ya kamo hannunsa ya ɗaga sama, bakinsa har kunne.

"Inna, kin gani? Ban wuce Yaya ba!" Sannan ya sunkuyo, ya share masa gumi da sabuwar rigar. "Yaya, yaushe za mu Gusau?"